Sigina ta saki hanya alhali taragu na cikin zango: wayoyi za a gyara ko manhaja?

Auwalu Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo da ake tuƙawa a kan tebur. Shimfiɗata ta H0 ce, wato kashi ɗaya cikin 87 na girman jirgin gaske (1:87), zagaye ɗaya da tashoshi biyu, kowace tasha da layin ratsewa. Na yanka ƙarfen dogo ta gefe ɗaya na raba layin zango shida, kowane zango da sensa mai jin jan wuta. DCC-EX, tsarin da ke ba jirage wuta da umarni ta ƙarfen dogo, nake amfani da shi a kan ƙaramin allon lantarki na Arduino Mega, manhajar JMRI mai kula da sigina kuma tana kan tsohuwar kwamfuta. Abin da ke damuna shi ne, da zarar kan jirgi ya fita daga zango sai siginar baya ta tashi daga ja ta koma ɗorawa, ga taragu kuwa suna nan ba su gama fita ba. Na biye ya taho ya daki na ƙarshe. Wani lokacin ma jirgi na tsaye cik, sai allo ya nuna babu kowa na ɗan ƙiftawar ido. Ta ina zan fara?

Bashir Leeds:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ta ƙafafun taragunka za ka fara. Sensar nan ba ta ganin jirgi, wutar da ake ja daga ƙarfen zangon kawai take ji. Kan jirgi yana da dikoda (ƙaramar na'urar da ke karɓar umarni) da injin lantarki da fitila, saboda haka kullum yana ja. Tarago kuwa ƙafafunsa ko dai na roba ne, ko na ƙarfe ne da aka raba gefe da gefe don kada su haɗa wuta. A wajen sensa babu shi.

Maganin da aka saba shi ne ƙafafun ƙarfe da ƙaramar rasista (mai rage yawan wutar da ke bi ta cikinta) mai om 10,000 da za ta haɗa gefen dama da na hagu. Yi lissafi: in layinka na kan bolt 15, kowace rasista za ta ja miliamfiya 1.5, kuma yawancin sensoci suna jin hakan. Ko ka sa wa ƙafafu ashirin, miliamfiya 30 ke nan, ba abin da zai dami na'urar ba da wutarka. A ƙungiyarmu a nan ba a ɗora tarago a layi sai an gwada shi da mita an ga rasistarsa na aiki.

Na biyun, wato ƙiftawar nan, datti ne a kan ƙarfe. A teburin sensoci na JMRI akwai wurin sa jinkiri kafin a yarda sensa ta koma shiru. Ka sa daƙiƙa biyu a wajen komawa shiru, ka bar wajen kamawa kusan babu jinkiri.

Auwalu Zariya:
Na gode Yaya Bashir. Kowane tarago zan sa wa, ko na ƙarshe ya isa?

Bashir Leeds:
Kowanne. In na ƙarshe kaɗai ka sa wa, ranar da ka sauya jerin taragu ka manta, ka koma gidan jiya. Kuma in zango ya fi jirgi gajarta, kai ya wuce, wutsiya ba ta shigo ba, tsakiyar jirgin ta ɓace ke nan.

Hadiza Hamburg:
Malam Bashir, ban ƙi rasista ba, ni ma ina sa ta. Amma in Auwalu ya tsaya a nan, ya rage yawan karon ne kawai, bai kashe shi ba. Tarago na H0 ba shi da nauyi, ƙafa ɗaya mai rasista tana iya tsayawa daidai kan ɗigon datti ta yi minti goma a haka. Jinkirin daƙiƙa biyu bai san da wannan ba. Kuma shi yana Zariya, yanzu hunturu zai shigo, ƙura za ta kwanta a kan ƙarfen nan safe da yamma ko da ɗakin a rufe yake.

Abin da nake so ya gane shi ne, bai kamata sigina ta riƙa karɓar umarni daga sensa kai tsaye ba. Manhaja ce za ta riƙe zango da sunan jirgi, kuma ba ta sakinsa don sensa ta yi shiru. Sai ta sami shaidar cewa jirgin ya isa wani wuri dabam.

Dubi yadda Rocrail, wata manhaja ta sarrafa jirage, yake yi. Kowane zango yana da sensoci biyu, ɗaya a bakin shiga, ɗaya kusa da ƙarshe. Ta farko in ta kama, manhaja ta san jirgi ya shigo, ta yanke shawara ko zai wuce ko zai rage gudu. Ta biyu in ta kama, an tabbata jirgi ya shige duka, matuƙar tsawonsa bai fi na zangon ba, kuma a lokacin ne kaɗai ake sakin zangon baya da hanyar da ya bi. Shi ya sa ake rubuta tsawon kowane zango da na kowane jirgi, don kada a tura dogon jirgi inda ba zai ɗauke shi ba. Da wannan tsarin ko taragunka duk na roba ne ba za a daki wutsiyarsu ba.

Bashir Leeds:
Sai dai in tarago ya tsinke a hanya, Hajiya. Kai ya isa sensarki ta ƙarshe, manhaja ta saki zangon baya, taragu biyu na can zaune. Wa zai gan su in babu rasista?

Hadiza Hamburg:
Gaskiyarka, a nan rasista ce kaɗai za ta cece shi. Shi ya sa na ce ban ƙi ta ba. Saɓanin da ke tsakaninmu shi ne wanne ne ginshiƙi, wanne ne ƙari.

Baba Mai Sigina:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya sa ni a wannan zauren, kuma ina karantawa duk da ban taɓa riƙe ƙaramin jirgi ba. Na yi aikin reluwe har na yi ritaya, galibi a ƙananan tashoshi na layi ɗaya. Abin da 'yata Hadiza ta faɗa shi aka fara koya mana. Jirgi in ya wuce gabanka, ba ka sanar da tashar baya cewa hanya ta buɗe sai ka ga jar fitilar da ke maƙale a wutsiyarsa da idonka. In ba ka gan ta ba, to a wajenka jirgin bai iso duka ba, hanyar tana rufe ko da fasinja za su kwana.

Sannan akwai abin da ya ba ni mamaki a bayanin ɗana Bashir. A babban jirgi, tun da William Robinson ya fito da dabarar sa wuta a ƙarfen dogo a Amurka a 1872, abin a juye yake da naku. Ana tura wuta daga wannan ƙarshen zango, tana riƙe da rile, wato makunnin da wuta ke ja, a wancan ƙarshen. Muddin rile na riƙe, zango babu kowa. Jirgi in ya hau, ƙafafunsa su gajarce wutar, rile ya saki, sigina ta yi ja. To waya in ta tsinke, rile ya saki. Batir in ya mutu, rile ya saki. Ƙarfen dogo in ya karye, haka. Kusan duk lalacewar da za ta zo, ja take kawowa. Abin da muke tsoro shi ne tsatsa ko yashi a kan ƙarfe da zai hana ƙafa taɓawa, shi ya sa layin da ya daɗe ba a bi ba ake masa takatsantsan na musamman.

Naku kuwa, in na fahimta daidai, waya ta tsinke shiru, an ɗauke wuta shiru, datti shiru, babu jirgi ma shiru. Shirun mai gadi da dare ke nan: ko lafiya ce, ko barci ya sace shi, daga cikin ɗaki ba ka iya bambancewa.

Hadiza Hamburg:
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Kun fahimta daidai, kuma kun faɗe shi fiye da yadda na iya.

Auwalu Zariya:
Allah ya saka da alheri Baba. Wato kafin a zo da wannan tsarin, da me ake raba jirage?

Baba Mai Sigina:
Da agogo, ɗana. A saki jirgi, a jira wasu mintoci, a saki na biye, a kan zaton na farko ya yi nisa. A Armagh ta ƙasar Ailan, ran 12 ga Yuni 1889, jirgin da ya kwashi yaran makarantar coci zuwa yawon shaƙatawa ya kasa hawa tudu. Aka raba shi biyu, taragun baya suka gangaro da baya suka haɗu da jirgin da aka saki a bayansa. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A shekarar nan majalisar Birtaniya ta yi doka, ta tilasta wa layukan fasinja abu uku: jirgi ɗaya a zango ɗaya, ƙulla sigina da masauyin layi yadda ɗaya ba ya motsi sai ɗayan ya yarda, da birkin da ke kama kansa in jirgi ya tsinke. Shi ya sa jinkirin daƙiƙa biyun nan bai kwanta mini ba in da shi za a dogara. Agogon nan ne ya dawo a ƙarami.

Bashir Leeds:
Baba, ranku ya daɗe, ina da ɗan ja a nan. Jinkirin da na ce ba na raba jirage ba ne, na tace ƙiftawar sensa ne kawai. Kuma JMRI ma yana da ɓangaren da ke yin abin da Hadiza ke so, ana ce masa Dispatcher. Shi ke ware wa jirgi sassan hanya kafin ya shiga, har akwai wurin da za ka gaya masa ko duk taragun ana jin su ko kai kaɗai. Auwalu bai kunna shi ba ne, siginoninsa suna kallon sensa da masauyi da siginar gaba kawai. Wannan ya dace da mai tuƙi da hannu yana kallon jirginsa. Na yarda bai isa ba in kwamfuta ce za ta yi tuƙin.

Amma jinkirin ma kada a cika shi. Jirgin da ke kwaikwayon gudun kilomita 80 a awa, a H0 yana cin kusan santimita 25 a daƙiƙa. Daƙiƙa biyu rabin mita ke nan. A shimfiɗar ɗaki, in ka sa biyar, na biye zai ta tsayawa a ja babu dalili.

Garba Tudun Wada:
Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna ta ɗora wa yaron nan kwamfuta a kan kwamfuta. Ni shimfiɗata babu manhaja ko ɗaya kuma jirage biyu suna bin juna lafiya. Tsarin birki na ABC na kamfanin Lenz nake amfani da shi: dayod (mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) guda biyar a kan wayar gajeren yanki kafin sigina, huɗu suna kallon gefe ɗaya, ɗaya tana kallon ɗayan. Suna sa wutar DCC da ke kan layi ta ɗan karkace, dikoda ya ji karkacewar ya taka birki da kansa a hankali, fitila da sauti ba su mutu ba. In zangon gaba ya buɗe, rile ya tsallake dayod ɗin, jirgi ya tashi. A dikoda da yawa da saitin da ake kira CV27 ake kunna shi. Kayan duk ana samunsu a wajen masu gyaran rediyo. Kuma mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, wa ke da lokacin jiran kwamfuta ta farfaɗo?

Auwalu Zariya:
Kawu Garba wannan ya ja hankalina, don maganar wutar nan gaskiya ce.

Hadiza Hamburg:
Malam Garba, me ke jan rilen naka?

Garba Tudun Wada:
Maganaɗisu a ƙarƙashin tarago na ƙarshe, da ɗan makunnin gilashi da maganaɗisu ke kunnawa a tsakanin ƙarafa. Kai in ya shiga zango, sensa ta kulle na baya. Ba ya buɗewa sai maganaɗisun wutsiya ya wuce kan makunnin da ke bakin zangon gaba. Rilen irin mai riƙe matsayinsa ne ko babu wuta.

Hadiza Hamburg:
To ai kai ne ka fi mu duka bin maganar Baba. Maganaɗisunka shi ne jar fitilar wutsiya, kuma tarago in ya tsinke zangon ba zai buɗe ba har abada sai ka zo ka duba. Ba mu da saɓani a kan ƙa'ida ke nan, kai da rile ka gina ta, ni da manhaja.

Inda tsarinka zai tsaya shi ne shimfiɗar Auwalu tana da tashoshi biyu da layi ɗaya a tsakani, kuma na tabbata zai so wani jirgi ya bi ta dama wani ta hagu. Daga nan tambayar ta wuce ko zangon gaba babu kowa. Sai an tambayi ko akwai wanda aka riga aka yi wa alkawarinsa daga ɗaya ɓangaren. Jirage biyu suna iya barin tashoshinsu a lokaci ɗaya, kowanne ya ga zangon gabansa fayau, su haɗu a tsakiya. Sigina za ta tsayar da su ba tare da karo ba, amma sun kafe ke nan, babu mai gaba babu mai baya sai an sa hannu. Manhajojin Rocrail da iTrain da TrainController duk suna da hanyar da za ka ce waɗannan zangunan na tsakiya ba a tsayawa a cikinsu: ko jirgi ya kama su duka har da layin da zai sauka a tashar gaba, ko ya zauna inda yake. Ana iya gina wannan da rile, ƙungiyar ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka da aka kafa a 1946 da rilen tarho suka yi ta sarrafa tasu shimfiɗar shekara da shekaru, amma wayoyin za su cika maka ƙarƙashin tebur.

Baba Mai Sigina:
Wannan shi ne aikin sanda a wajenmu. Tsakanin tasha da tasha akwai na'ura biyu da waya ta haɗa, ba a iya zare sanda daga ɗaya sai da yardar ɗayar, kuma in an zare guda, duka biyun sun kulle har a mayar da ita. Direba ba ya tashi sai sandar wannan yankin na hannunsa. Amma ku sani ko wannan sai da kula. A Abermule ta Wales a Janairun 1921, ruɗani ya shiga tsakanin ma'aikatan tasha, aka miƙa wa direba alamar yankin da ya baro maimakon ta wanda zai shiga, shi kuma bai karanta abin da ke rubuce a kanta ba. Jirage biyu suka yi gaba da gaba, mutum 17 suka mutu. Na kawo wannan ne don in tambaya: manhajar taku ta yaya take sanin jirgin da ke cikin zango shi ne wanda take zato?

Bashir Leeds:
Galibi ba sani take yi ba Baba, bin sawu take yi. Kai za ka gaya mata da farko cewa jirgi kaza yana zango kaza. Daga nan duk sensar da ta kama a gabansa, sai ta matsar da sunan can. In ka ɗaga jirgi da hannu ka ajiye wani, ba ta da labari, za ta ci gaba da aika umarnin tsayawa ga lambar da ba ta wurin. Maganinsa RailCom ne: na'urar ba da wuta tana yanke wutar na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, dikoda ya yi amfani da wannan tazarar ya faɗi lambarsa, sensar zangon ta karanta. Kamfanin Digitrax ma suna da nasu irin wannan. Sai dai dole dikoda da sensa da na'urar wuta duk su iya, kuma kan jirgi kaɗai yake bayyanawa, ba ruwansa da taragu.

Garba Tudun Wada:
Kun ga abin da nake faɗa? Kuɗi a kan kuɗi. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar ɗauke wuta.

Hadiza Hamburg:
Bari in amsa, don tambayar tana da nauyi. Hatsarin ba a lokacin da wuta ta tafi yake ba, don jirage ma sun tsaya. Yana lokacin da ta dawo. In kwamfutar mai batir ce, tana nan a farke ta ga duk sensoci sun yi shiru lokaci guda. Manhajar da ke bin sensa kai tsaye za ta share allo ta ba kowa kore. Wadda ke riƙe zango da suna ba za ta saki komai ba, don ba ta ga kowa ya isa ko'ina ba. Rocrail yana ajiye wanda ke ina a cikin fayil, ya ɗauko in an sake kunnawa. JMRI kuma yana da hali na musamman ga sensar da bai ji daga gare ta ba tukuna, yana rubuta ta a matsayin wadda ba a san halinta ba, kuma duk ƙa'idar da Auwalu zai rubuta ya lissafa wannan halin a ja. Sannan kada a bar jirage su tashi da kansu in wuta ta dawo. A kunna wutar layi, a duba allo a duba tebur, in sun yi daidai sannan a sake su.

Akwai kuma akasin haka: sensa ta kama a zangon da manhaja ba ta jiran kowa. Wasu suna kashe wannan gargaɗin don yana damunsu. Ni na fi so ya yanke wutar layin gaba ɗaya, don ko masauyi ne bai juya ba jirgi ya bi wata hanya, ko tarago ne ya gangaro.

Bashir Leeds:
Auwalu, tunda DCC-EX kake da shi, akwai hanya ta tsakiya da za ta yi wa Malam Garba daɗi. EXRAIL, tsarin rubuta umarni na DCC-EX, yana zaune a cikin Arduino ɗin kansa, babu buƙatar kwamfuta. Yana da umarnin RESERVE da jirgi ke kama zango da shi, in wani na riƙe da shi sai ya tsaya ya jira, da AT na jiran sensa, da FREE na saki. Kai ne za ka zaɓi inda za ka rubuta FREE. Rubuta shi bayan sensar ƙarshen zangon gaba, ka sami tsarin Hadiza. Layin tsakiya kuma ka ba shi lamba ɗaya daga tasha zuwa tasha, ka sami sandar Baba. Sai dai wannan ba ya tuna komai in wuta ta yanke masa, sai ka sa wa Arduino ɗin ƙaramin batir ko ka mayar da jirage mafarinsu.

Kuma ka lura da yawa. Zango shida a zagaye, in ka zuba jirage shida babu mai motsi. Biyu za su yi gudu sosai, uku za su riƙa jiran juna.

Garba Tudun Wada:
Wannan na Arduino zan iya gwadawa. Amma dayod ɗina ba zan cire su ba, ko manhaja ta rikice dikoda zai tsaya a ja da kansa.

Hadiza Hamburg:
Kada ka cire. Abin kula kawai, kada birki biyu su taru a kan jirgi ɗaya. In manhaja ce ke rage gudu mataki-mataki, ana so CV4, saitin jinkirin birki a dikoda, ta zama ƙarama don dikoda ya bi umarni nan take. ABC kuwa da CV4 ɗin ko da tsayayyen nisan birki na dikoda yake aiki, in ta yi ƙanƙanta jirgi zai tsaya kamar an fizge shi. Sai ka zaɓi mai tsayarwa na kullum, ɗayan ya zama na ko-ta-kwana, ka matsar da yankinsa gaba kaɗan.

Auwalu Zariya:
Anti Hadiza, sensa ta biyun nan ta ƙarshen zango, dole sai na sake yanka ƙarfe? Na riga na manne layin da tsakuwa.

Hadiza Hamburg:
A'a. Ka bar sensar jan wuta ta zama ta shiga, ta ƙarshen ka yi ta da mai hasken infrared daga ƙarƙashin layi, rami ɗaya za ka huda tsakanin katakan dogo. Tana ganin duk abin da ya bi ta kanta, roba ko ƙarfe, sai dai ƙarƙashin da ya cika baƙi yana shanye hasken, sai ka manna masa 'yar farar takarda. Hasken rana ta taga ma yana ruɗa ta, ka gwada da rana ka gwada da dare. Ka sa ta kamar santimita 20 kafin sigina, ka auna da kan jirgin da ya fi kowanne jinkirin tsayawa.

Garba Tudun Wada:
Ko ya yi da makunnin gilashi irin nawa, ƙura ba ta dame shi ba, rana ma haka. A kwantar da shi ya bi tsawon layi, maganaɗisun kuma kada ya sauko ƙasa sosai, in ba haka ba zai riƙa tsince ƙananan kusoshi a hanya. In ka shigo Kaduna ranar Asabar ina da ragowar guda goma, ka zo ka ɗauka.